Anya Sideshow Bob ya so kashe Bart da gaske kuwa?

Nura: Jama'a, jiya na sake kallon "Cape Feare" na katun ɗin Amurka The Simpsons, zango na 5, wanda ya fito a Oktoban 1993. Ga wanda ya manta: Sideshow Bob ya fito daga gidan yari yana neman ran Bart, ɗan gidan Simpson, saboda sau biyu yaron yana tona masa asiri. Hukuma ta sauya wa iyalin suna zuwa Thompson, ta kai su wani jirgin ruwa mai ɗakuna a Terror Lake, shi kuma ya bi su. Abin da na fahimta shi ne Bob bai taɓa nufin kisan ba. So yake a ji tsoronsa, a san yana nan. Wanda ke ja ya zo.

Anti Bilki: Nura, ka fara ke nan. Mutum ya rubuta wasiƙu da jininsa, ya ɗaure kansa a ƙarƙashin mota tun daga garinsu Springfield, ya ɗaure uba da uwa da yara, ya yanke igiyar jirgi, ya shiga ɗakin yaro da adda tsirara. Me kake so ya ƙara kafin ka yarda?

Nura: Anti, duk abin da kika lissafa hujjata ce. Mai kisa na gaske yana shela? Bob fa ya zaga unguwa a motar askirim yana karanto sunayen waɗanda ba zai kashe ba, ya kira kowa ya tsallake Bart. Kare mai cizo ba ya yawan haushi.

Malam Sadi: Ku dakata mu fara daga tushe. A zango na farko, 1990, Bob ya yi shigar ubangidansa Krusty, ɗan barkwancin talabijin, ya yi fashi a shagon Apu, aka kama Krusty. Bart ne ya gano shi ta girman ƙafa. A 1992 ya auri Selma, yayar Marge uwar Bart, ya buɗe gas a ɗakin otal don ta ƙone. Wannan ba barazana ba ce, ɗakin ya tashi da gaske, an dai riga an fitar da ita. Kuma a lokacin bai yi wa kowa shela ba. To wanda ya iya shirya wa amaryarsa wannan, ɗan shekara 10 ne zai gagare shi?

Nura: Yauwa Malam, ka taimake ni ba ka sani ba. Da Selma kuɗinta yake so, shi ya sa ya yi shiru ya yi aikinsa. Da ya zo kan Bart sai ga wasiƙa, ga lasifika, ga zane a ƙirji. Me ya canza?

Malam Sadi: Ramuwa ce ta canza shi. Mai ramuwar gayya ba ya son abokin gabarsa ya tafi bai san wa ya yi masa ba. Tsoratarwar wani ɓangare ne na hukuncin, ba madadinsa ba.

Abba Ƙarami: Ni dai manjagara ce ta kawo ni. Sau tara! Bob ya taka wannan ta maka masa a fuska, ya yi gurnani, ya juya ya taka wata. A ta uku na daina dariya, a ta bakwai hawaye nake yi.

Ummi: Abba, ka san cike gurbi ne? Kashin ya gaza tsawon da tashar ke buƙata, sai suka maimaita wurin don lokaci ya cika.

Abba Ƙarami: Na sani Yaya Ummi. Allah ya ƙara musu ƙarancin lokaci.

Anti Bilki: Ku bar manjagara, mu koma jirgi. Nura, amsa mini wannan. Bart ya gudu gaba ya ga kada, ya koma baya ya ga kifayen nan masu jan lantarki. Babu mafita. Bob ya ɗaga adda. Da Bart bai buɗe baki ba, me zai faru?

Nura: Ai Bob ne ya fara buɗe baki, Anti. Shi ya tambayi yaron ko yana da buƙata ta ƙarshe. Wa ya aike shi? Kuma da Bart ya ce yana da murya mai daɗi, ya rera masa H.M.S. Pinafore gaba ɗaya, bai ce a'a ba. Wasan waƙa ne fa sukutum na Gilbert da Sullivan, tun na 1878. Bob mai ilimi ne, ya san tsawonsa, ya san jirgi na bin ruwa. Har kaya ya riƙa sauyawa, har da furanni a ƙarshe. Mutum ya samu ƙofar fita daga abin da ba ya so ya aikata, ya bi ta da gudu.

Anti Bilki: A'a. Ya samu mai kallo ne. Wannan bawan Allah ya yi shekaru Krusty na harba shi daga igwa, yara na shewa, alhali shi yana ganin kansa gwanin da duniya ba ta san darajarsa ba. Rana ɗaya wani ya ce masa "rera mini". Ko a bakin kabari ne zai rera. Son yabo ne ya ci shi, ba tausayi ba. Kuma ka manta da ya gama waƙar ya sake zaro addar. Jirgin ne ya daki tudu ya watsar da shi, Wiggum shugaban 'yan sanda ya kama shi.

Ummi: Wannan na Anti ya shige ni. Ya sake ɗaga addar fa, Nura.

Nura: To ku zo 2002, "The Great Louse Detective". Ya samu Bart shi kaɗai a ɗaki, ga wuƙa a hannu, babu mai ceto. Ya kasa. Da bakinsa ya rera cewa ya saba da fuskar yaron, ya fice ta taga.

Malam Sadi: Shekara tara tsakani, kuma ba Jon Vitti marubucin "Cape Feare" ne kaɗai ke riƙe da Bob ba, marubuta da yawa sun ja shi inda suka ga dama. Ba a ɗauko Bob na 2002 a yi wa na 1993 shaida. In haka ne ni ma zan kawo na Halowin na 2015, inda ya kashe Bart ɗin.

Nura: Kawo shi Malam, don Allah! Ya kashe shi, rayuwa ta yi masa salam, sai da ya nemi na'urar dawo da shi.

Malam Sadi: Ya dawo da shi don ya sake kashe shi, ba sau ɗaya ba. Faɗi ƙarshen mana.

Ɗanjuma: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ina ganin duk kun ɗora wa katun kayan da ya fi ƙarfinsa. Kashin nan kwaikwayon ba'a ne na fim ɗin Cape Fear, wanda Robert De Niro ya fito a bos a 1991. Sigarin da Bob ke busawa a silima, da maƙalewa a ƙarƙashin mota, da jirgin, duk daga can ne. Bos na can kisa ya zo yi, don haka Bob ma kisa ya zo yi. Dariyar tana wurin a ɗauko mugu na gaske a jefa shi garin da Homer uban Bart ke zaune. Mutumin da jami'ai suka yi ta fama ya amsa sunan Thompson ya kasa. Mutumin da ya faɗo wa ɗansa ɗaki da tsakar dare da wuƙa don ya yanka masa kek. In Bob wasa yake yi, to wahalar da ya sha ta ƙaya da giwaye da manjagara ba ta da daɗi, don ba ka murnar faɗuwar wanda ba ka tsoro.

Anti Bilki: Allah ya biya ka Ɗanjuma.

Nura: Na ji ta bakin marubuta. Amma ku saurari muryar Kelsey Grammer, mai yi wa Bob murya, a wurin waƙar nan. Wannan ba muryar mai gaggawar kisa ba ce.

Ummi: Kai Nura, irinka ne a kwamitin da ya sake shi daga gidan yari. Sun ga "Die Bart, Die" a ƙirjinsa, wato "mutu Bart, mutu", ya ce musu Jamusanci ne, suka ce mai jin Jamusanci ba ya zama mugu.

Nura: Ni ban ce a sake shi ba.

Abba Ƙarami: Na sake ƙirgawa yanzu. Tara ne cif. Wa ke da zango na 5 gaba ɗaya ya turo mini, datata ta kusa ƙarewa.