Share allurar na'urar faifai: abin da masana suka daidaita a kai

Masu gyaran kayan sauti da masu tara faifai a Yamai sun yarda cewa ƙurar hunturu ce babbar matsala. Tana dunƙulewa a kan tsinin allura kamar auduga, sai murya ta dushe ko allura ta riƙa tsalle.

Maganin bai da wuya. A rage sauti, a ɗaure hannun allurar a mazauninsa, a shafa da ƙaramin buroshi mai laushi daga baya zuwa gaba, sau 2 ko 3. Kada a shafa ta gefe ko daga gaba zuwa baya, domin siririn ƙarfen da ke riƙe da tsinin yana lanƙwashewa nan take, kuma ba ya gyaruwa. Ban da yatsa, ban da hura iska da baki, danshi ne ke sa ƙura ta manne.

Batun ruwan wanke allura ne ya jawo gardama a tsakaninsu. Alkol na iya narkar da gam ɗin da ke riƙe da ɗan lu'ulu'un da ke tsinin allurar, ya kuma hau har ya busar da robar da ke cikin kan allurar, shi ya sa Ortofon, kamfanin da ke ƙera allurar faifai, ke hana amfani da shi. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya kuwa, alkol narkar da shi yake yi.

Kayan shara masu tsada? Yawanci sun ce asarar kuɗi ce. Farin soson goge datti na melamin, busasshe, ya isa ga dattin da ya ƙi fita: a sauke allura a kansa, a ɗaga a miƙe, ba a ja. Gara a sa kuɗin a buroshin share faifai da sabuwar allura, tunda tsinin lu'ulu'u yakan cinye tsakanin awa 500 zuwa 1,000 na aiki.