Wace kalma za mu ba "statocyst" da Hausa?

Mai fassara, Garki: Salamu alaikum malamai. Ana shirya bayani da Hausa kan illar ƙarar jiragen ruwa da ta masu neman mai ga dangin katantanwa na teku: kawa, wuri, sukwid da oktofas (na ƙarshen biyu masu dogayen hannaye da yawa ne). Inda aka cije shi ne "statocyst". An kawo "kunnen ciki". Ya yi?

Malamin ilimin dabbobi, Gwagwalada: Wa alaikumus salam Hajiya. Bai yi ba. Abin wata 'yar jaka ce cike da ruwa, a cikinta akwai ƙwayar tsakuwa mai sinadarin alli, bangonta kuma shimfiɗe da ƙwayoyin halitta masu siririn gashi. Dabba ta karkata, tsakuwar ta danne gashin wani gefe, jijiya ta kai saƙo. Da haka take sanin sama da ƙasa. A sukwid da oktofas guda biyu ne, cikin guringuntsin kai. A dangin kawa suna cikin ƙafa. To kunne a ƙafa? Ni "jakar daidaito" nake gani, tsakuwar kuma "tsakuwar daidaito".

Injiniya, Kubwa: Ranka ya daɗe, ai da ita suke jin ƙara. In ka cire ji daga sunan, mai karatu zai ce ina ruwan daidaito da hayaniya.

Malamin ilimin dabbobi: Jin nasu daban ne, Injiniya. Kunnenmu matsin sauti yake kamawa. Su kuwa girgizar ruwan ce ke jijjiga jikin gaba ɗaya, tsakuwar da ta fi nama nauyi ta ɗan yi jinkirin bi, sai gashin ya lanƙwashe. Ƙara mai kauri, ta ƙasa da hertz 1,000 (hertz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa), ita ta fi taɓa su, kuma nan ne injin jirgi da bindigar iska ta binciken mai (na'urar da ke harba ƙara cikin teku) suka fi ƙarfi. A 2011 masu bincike a Basalona ta Sifaniya suka saka sukwid, oktofas da danginsu guda 87 cikin ƙarar hertz 50 zuwa 400 na awa 2. Gashin ya kakkarye, jijiyoyin ƙarƙashinsa suka kumbura, raunin ya ci gaba da tsananta bayan an kashe ƙarar. Wanda jakarsa ta lalace ba kurma kawai ya zama ba: iyo, farauta, gudun maƙiyi, duk sun rikice.

Malamar sakandare, Nyanya: Na bi bayan "jaka". Wasu za su so "caki" saboda tsakuwa a cikin gora, amma caki ƙara yake yi, wannan karɓa take yi. Sai dai Hajiya, kada a ɗora wa jakar komai. Kawa in ta ji ƙara rufe ɓawonta take yi, an gwada haka a Faransa a 2017. Ɓawo a rufe, ba tace abinci, ba shan iska. A Niyu Zilan kuma, 2013, kashi 46 cikin 100 na tsutsar wani nau'in kawa da aka kunna wa ƙarar bindigar iska sun tashi da nakasa. Wannan illa ce ga jiki duka.

Af, kada kowa ya rubuta "dorinar ruwa" a madadin oktofas. Dorina tana kogi da haƙoranta.

Injiniya: Na sauko. Amma a karon farko a rubuta "jakar daidaito, wadda da ita suke jin girgizar ruwa". A kuma kula da desibel, ma'aunin ƙarfin ƙara: na ruwa da na iska ba ma'auni ɗaya ba ne, kada a kwatanta da janareta. A faɗa wa mai karatu sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin teku, a iska kuwa wajen 340.

Mai fassara: Na gode malamai, na ɗauka. Jam'in fa, jakunkunan daidaito?

Malamar sakandare: Haka ne, Hajiya. Tsakuwoyin ma haka.