Wace kalma za mu ba "compounding pharmacy" da Hausa?

Mai fassara: Malamai, a taimaka. Ina fassara bayani kan yadda hukuma ke duba "compounding pharmacy", wato inda ake haɗa wa majinyaci maganin da babu irinsa a kasuwa. Na rubuta "wurin harhaɗa magunguna", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamar harhaɗa magunguna: Gara da ba ta kwanta ba, Malam. "Harhaɗa magunguna" ta riga ta zama sunan sana'ar gaba ɗaya, har wanda ke miƙa kwali kawai ya shiga ciki. Abin da kake nufi ya fi haka ƙunci: likita ya rubuta wa mutum ɗaya, a auna, a haɗa masa. Yaron da ba ya iya haɗiye ƙwaya a mayar masa da ita ruwa, wanda jikinsa ba ya karɓar rinin da ke cikin ƙwaya a yi masa marar rini. Ina ganin "haɗin musamman", wurin kuma "ɗakin haɗin musamman".

Mai fassara: "Haɗe-haɗe" fa?

Malamar harhaɗa magunguna: A'a, wannan kunne zai kai ta wajen 'yan shaye-shaye. "Sarrafawa" kuma ta masana'anta ce.

Sufeton magunguna: Na bi Malama, kuma "musamman" ɗin nan ba ado ba ce, a kanta doka ta rataya. A 2012 kamfanin New England Compounding Center da ke jihar Massachusetts ta Amurka yana riƙe da lasisin haɗa wa ɗaiɗaikun majinyata, amma yana tura dubban kwalaben allurar methylprednisolone, mai rage kumburi da ciwo, zuwa jihohi da dama. Allurar ba ta da sinadarin hana lalacewa, ƙwayar naman gwari ta shiga, aka yi wa mutane a gadon baya. Sama da mutum 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, fiye da 60 suka mutu. Shi ya sa dokar 2013 ta raba gida biyu: sashe na 503A na masu haɗawa bisa takardar likita, hukumar jiha ce ke sa musu ido, sai 503B na masu haɗawa da yawa don asibitoci, su FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ke dubawa da ma'aunin masana'anta. Na biyun a kira shi "haɗin sari".

Malamar harhaɗa magunguna: "Haɗin sari" ta zauna daram. Saura "sterile". Kar ka ce "tsarkakakke", a bar wa alwala tsarkinta. "Marar ƙwayar cuta" ta wadatar.

Sufeton magunguna: A nan ne duban ya fi zafi, ƙarƙashin babi na 797 na USP, kundin ma'aunin magunguna na Amurka. Teburin haɗi dole iskarsa ta kai matakin ISO 5 a ma'aunin tsaftar iska na duniya, kada ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.5 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ko fiye su wuce 3,520 a kowace mita kubik. Ɗakin da ya kewaye shi ISO 7 ne, iskarsa na sauyawa aƙalla sau 30 a awa, matsinta ya fi na ɗakin gaba don idan an buɗe ƙofa iska ta fita, kada ta shigo. Ɗakin maganin ciwon daji akasin haka ne, iskar ciki ake tsarewa. Duk wata shida a sake gwada ɗakin. Ma'aikaci kuma ya danna yatsun safar hannunsa a kan faifan rainon ƙwayoyi, a ajiye a ga ko wani abu zai tsiro. Matatar maikiron 0.22 ma sai an gwada ta bayan tacewa, domin idan ta tsage ido ba ya gani. Wani laifin kuma a littafin bayanan aiki ake kama shi: ba a rubuta zafin firiji ba, ko ƙwayar cuta ta tsiro a gwaji aka ci gaba da aiki.

Mai fassara: To "beyond-use date"?

Malamar harhaɗa magunguna: "Wa'adin haɗi". Daga ranar haɗawa ake ƙirga shi, ba shi ne kwanan watan da masana'anta ke bugawa a kwali ba. Haɗin ruwa marar sinadarin hana lalacewa kwana 14 ne a firiji, ko da ƙwayar da aka niƙa tana da sauran shekara biyu.

Mai fassara: Na ɗauka: haɗin musamman, haɗin sari, wa'adin haɗi. Allah ya saka da alheri.