Yaro mai ekzima: ta ina ake fara maido da abincin da aka cire?

Maman Affan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa 2 da wata 3, ekzima, cutar fatar nan mai ƙaiƙayi, ta addabe shi tun yana jariri, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, cikin dare ya yi ta susa har sai ka ga jini a zanin gado. Likita ta ce mu cire madarar shanu da ƙwai na sati 4, ni kuma da karambanina na haɗa har da gyaɗa da alkama. Yau sati 6 kenan, fatar ta lafa alhamdulillah, amma wallahi tsoron maidowa nake, ji nake kawai in bar shi a haka.

Ummu Ilham:
Wa alaikumus salam. A'a Maman Affan kar ki bar shi, cirewar nan gwaji ne ba zama ba. Abincin da yaro ya saba ci lafiya in aka daɗe ba a ba shi ba jikinsa zai iya juya masa baya, ranar da ya sake ci sai borin jini da kumburi wanda da can babu, ga madara kuma ƙashinsa na buƙata. Ki koma wajen likitar ki faɗa mata gaskiya kin ƙara biyu da kanki. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, ɗan kaɗan kamar rabin ƙaramin cokali da safe, gobe ki ƙara, ki ba shi kwana 3 zuwa sati kafin ki taɓa na gaba, don ekzimar kan iya kwana ɗaya ko biyu bata tashi ba.

Baban 'Yan Biyu:
Mu dai shirme muka yi, an ce a fara da gasasshe don zafin gashi na rage ƙarfin ƙwai da madara, sai muka ba 'yarmu kek. To kek ai ƙwai da madara da fulawa duk suna ciki, kuma a satin uwarta ta canza sabulu, fata ta tashi muka rasa wa za mu kama. Yanzu kullum da safe sai na ɗauki hoton bayan gwiwarta a waya, mu rubuta abin da ta ci. Ki ci gaba da shafa mansa da maganinsa yadda kika saba.

Anti Nas:
Tambaya ɗaya, ya taɓa cin wani abu cikin huɗun nan leɓensa ko idonsa ya kumbura, ko amai, ko numfashi ya sarƙe cikin awa 2? In eh ne to wannan ba na gida ba ne, a asibiti ake gwadawa. Gyaɗar ce ta fi damuna, binciken da aka yi a Ingila aka fitar a 2015 ya nuna jarirai masu ekzima mai tsanani da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga borinta kan waɗanda aka hana. Ki ba shi niƙaƙƙiya, ƙwayar tana shaƙe yara. Kuma banda ranar da yake mura ko zazzaɓi.

Maman Affan:
Bai taɓa kumbura ba Anti, susa ce kawai. Na gode ƙwarai, jibi za mu ga likitar, Allah ya sa kar ta yi min faɗa kan alkamar nan.