Abin da aka tattauna kan baƙin da ke sauka Kaduna

1. Kusan kowa ya yarda: duk baƙon da ya sauka, daga Kamaru, Nijar ko Sudan, a fara kai shi wurin mai unguwa. A Rigasa ko Tudun Wada, wanda mai unguwa bai sani ba yana shan wahalar samun ɗakin haya.

2. Mai neman mafaka a raka shi rajista a hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, NCFRMI. Wannan shi ne mafi muhimmanci a ganina.

3. Yara su shiga makaranta da wuri.

4. An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce a ba baƙon jari, wasu sun ce gara a haɗa shi da maigida a Kasuwar Bacci ya koyi sana'a.