Abin da aka tsayar a zaman masu sana'a da malaman kwaleji a Kano

Da aka zauna tsakanin masu masana'antu na Sharaɗa da Bompai da malaman kwalejin kimiyya da fasaha, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta ɗaliban da ake turawa horon aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai kula da horon aiki a masana'antu ta fara tun 1973. Masu kamfani sun ce yaro yana zuwa da takarda, a ajiye shi gefe yana shan shayi wata huɗu, sannan a sa masa hannu. Shawarar da aka bayar: malami ya riƙa leƙawa wurin aikin da ƙafarsa, kuma kowane ɗalibi a ɗora masa aiki guda da za a gani da ido, ko gyaran injin ne ko lissafin kaya.

A ganina wannan ce shawarar da ta fi ƙima, domin ita kaɗai ba ta buƙatar kuɗin gwamnati.

An kuma nemi masu majemar Challawa su buɗe wa ɗaliban sinadarai ƙofa su auna ruwan dattin da ke kwarara zuwa kogi, a bayyana sakamakon ga mutanen unguwa.

'Yan Kantin Kwari da Dawanau kuwa buƙatarsu mai sauƙi ce: a koya wa yaransu rubuta ciniki a waya da karɓar kuɗi ta POS. Rahoton ci gaban waɗannan shawarwari kuma, aka ce a riƙa karanta shi da Hausa a gidan rediyo duk bayan wata uku.