Ko uba yana da ikon bayar da ƙodar ɗansa?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum. Yayanmu yana kan wankin ƙoda, likitoci kuma sun ce dashe ne mafita. A cikin gida mutum biyu ne jininsu ya zo ɗaya da nasa: autanmu mai shekara 15, da wani ɗan baffanmu mai taɓin hankali wanda mahaifinmu yake riƙo. Baba yana ganin tunda shi ne waliyyinsu, sa hannunsa ya wadatar. Shin doka da shari'a sun ba shi wannan iko?

Ma'aikaciyar jinya, daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2010 sun ce ba a cire gaɓa daga jikin yaro mai rai don dashe, sai a wurare ƙalilan da dokar ƙasa ta keɓe, kuma wanda hankalinsa bai kai ya yanke wa kansa shawara ba hukuncinsa ɗaya da yaro. Dalili kuwa shi ne, ƙoda ba ta sake tsirowa, kuma mai bayarwa ba ya samun wani amfani na lafiya daga tiyatar. A Faransa ɓargo aka keɓe, domin jiki yana mayar da shi: yaro na iya ba ɗan'uwansa, amma sai iyaye sun bayyana yardarsu a gaban alƙali, idan kuma yaron ya ƙi, magana ta ƙare. Sannan zuwan jini ɗaya matakin farko ne kawai, akwai gwaje-gwaje a gaba. A binciki manya masu hankali cikin dangi, a tuntuɓi Babban Asibitin Yawunde, inda aka fara dashen ƙoda a 2021.

Malami, daga Njamena:
Ina goyon bayan malama. Walicci amana ce ta kare maslahar wanda ake riƙo, shi ya sa waliyyi ba shi da ikon kyautar da dukiyar yaro, balle ƙodarsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta sharɗanta cewa mai bayarwa ya kasance baligi mai cikakken hankali, kuma ta haramta saye da sayarwa. Inda ta ba wasu damar yanke hukunci shi ne kan mamaci: idan bai bar izini ba, magadansa na iya bayarwa, wanda ba shi da magada kuwa sai shugaban Musulmi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya gafarta malam. Zan karanta wa Baba wannan bayan sallar isha'i, sannan mu kira yayyenmu biyu da ke Ngaundere su zo a gwada su.